Inda HIV Ke Ɓuya: Lamarin Wata 'Yar Kasuwa a Kaduna da Ta Ajiye Magani

Matar da wannan rubutu ya shafa 'yar kasuwa ce mai shekara arba'in da 'yan kai, mazauniyar Rigasa. Tana saro atamfa da leshi a Kantin Kwari ta sayar a gida da gidajen biki. Zan kira ta Hajiya, kamar yadda abokan cinikinta ke kiranta. Da izininta na rubuta, na kuma sauya abubuwan da za su sa a gane ta. Aikina ba da shawara ne ga masu shan maganin HIV a wani asibiti a cikin garin Kaduna, kuma a nan na san ta, ranar da aka kawo ta ba ta iya tsayuwa da kyau.

Na zaɓi lamarinta ne saboda ba ta cikin waɗanda ake bi da waya ana roƙo su zo karɓar magani. Shekara bakwai katinta babu fashi. Mace irin wannan ce ta ajiye magani da gangan, da hankalinta, tana ganin tana da hujja a rubuce. Hujjar kuwa takardar asibiti ce ta gaske. Abin da ya kamata a bincika shi ne me takardar ta auna, kuma me ya rage a jikin Hajiya wanda takardar ba ta da ikon gani.

Tarihin jinya

Mijinta ya rasu a 2016 bayan doguwar jinya wadda dangi suka ɗora wa sammu. Da ta fita takaba, wata nas da ta san halin da ya rasu a ciki ta ja ta gefe, ta ce ta daure ta yi gwaji. Aka samu tana ɗauke da ƙwayar, garkuwarta ma ta riga ta yi ƙasa. 'Ya'yanta uku aka gwada su, duk babu. Ta zo a kan gaɓa, domin a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ɗora duk wanda aka samu da HIV a kan magani nan take, Najeriya kuma ta ɗauki tsarin a 2016. Aka fara ba ta haɗin tenofovir da lamivudine da efavirenz, guda ɗaya da dare. Ta sha jiri da mafarkai masu nauyi a makonnin farko, abin da aka san efavirenz da shi, ta jure. A 2019, lokacin da ake mayar da yawancin manya kan haɗin TLD, inda dolutegravir ya maye gurbin efavirenz, ita ma aka sauya mata.

Asibitin da ta zaɓa yana can tsallaken kogi, Keke biyu daga gida, don kada ta haɗu da idon sani a layi. Haka mutane ke yi a Kaduna: na Tudun Wada ya gangara Kakuri, na Barnawa ya haura Kawo, wasu har Zariya. Tana juye maganin a robar bitamin, tana sha bayan sallar isha'i, don haka ko azumi bai taɓa sa ta fashi ba. Duk shekara ana ɗibar jininta a ƙirga ƙwayar, kuma daga 2017 zuwa 2023 ba a ganin ta. Abin da ake faɗa mata a ɗakin likita, ga jama'a cike a waje, jimla ɗaya ce: "Hajiya, sakamakonki ya yi kyau, ki ci gaba da sha." Takardar sai ta shige fayil.

A 2023 wani malamin makaranta da matarsa ta rasu ya fito neman aurenta, ita ma ta so shi. Amma yanzu a unguwanninmu waliyyai da limamai da yawa ba sa ɗaura aure sai sun ga takardar gwaji. A duk danginta mutum ɗaya ya san halin da take ciki, yayanta, wanda kuma shi ne waliyyinta. Shi ya zo mata da labarin wani mai magani a bayan gari da aka ce ya warkar da mutane, har da takardun shaida.

"Ke dai ki gwada," in ji shi. "Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Kuma ai bai ce ki bar na asibiti ba."

Da farko kam bai ce ba. Tsarinsa shi ne ta sha jiƙonsa kwana arba'in tare da maganin asibiti, sannan ta je a ɗebi jininta, ta kuma tabbata ta karɓo takardar a hannunta. Haka ta yi. Karo na farko ke nan da ta riƙe sakamakonta, aka karanta mata cewa ba a gano ƙwayar ba. Sakamakon da take samu tun 2017 ne, amma a ranar ta fara jin abin da ke cikinsa. Mai maganin ya yi hamdala, ya ce aiki ya kammala, daga yanzu na asibiti ba abin da zai yi mata sai cin ƙoda. Ko wannan ma da ƙamshin gaskiya ya haɗa shi, domin tenofovir kan taɓa ƙodar wasu, shi ya sa ake auna aikin ƙoda lokaci zuwa lokaci. Tata kuwa lafiya lau take a duk awon da aka yi. Kuɗin da ta biya ya kusa cinye rabin jarinta. A daren ta ajiye robar.

Abin da na'ura ke ƙirgawa

Gwajin da aka yi mata yana ƙirga kwafin HIV da ke yawo a ruwan jini, a cikin mililita ɗaya. Kowace na'ura tana da iyakar ganinta, yawanci kwafi 20 zuwa 50, abin da ya gaza haka sai ta ce ba ta gani ba. Masu bincike da suka yi awo mai kaifin da ya fi wannan sun samu cewa da yawa daga masu irin sakamakon Hajiya suna da kwafi ɗaya, biyu ko uku a mililita. Sai dai abin da ke hana warkewa ba ya ma cikin ruwan jinin da ake ƙirgawa.

HIV ba ta iya hayayyafa ita kaɗai. Sai ta shiga cikin wani rukunin sojojin garkuwar jiki da ake kira CD4, waɗanda su ke ba sauran umarni. Tana shigowa da bayanan halittarta a sigar RNA, a ciki kuma ta yi aiki biyu. Ta fara juya RNA ɗin zuwa DNA, sigar da jikin ɗan Adam ke ajiye nasa bayanan. Sannan ta yanka DNA ɗin sojan, ta dasa nata a tsakiya, ta ɗinke. Daga nan bayananta sun zama wani yanki na halittar wannan soja har ya mutu. Duk sanda ya tashi aiki, yana karanta nasa umarnin yana haɗawa da nata, yana ƙera sababbin ƙwayoyi. Lissafin da aka yi a 1996 ya nuna a jikin wanda ba ya shan magani ana ƙera kusan biliyan 10 a rana.

A dubi inda magungunan Hajiya uku ke tsayawa. Tenofovir da lamivudine suna hana juyawar. Dolutegravir yana hana dasawar. Dukansu kafin a dasa suke aiki. Suna kare sojan da bai kamu ba, da ƙarfin gaske, shi ya sa cikin 'yan watanni jini ke washewa. Sojan da aka riga aka dasa masa kuwa, babu ɗayansu da ke iya shiga ya ciro abin da ke cikin DNA ɗinsa.

Da duk sojan da ya kamu mutuwa yake da wuri, da wannan bai dami kowa ba. Yawancinsu haka suke, kwana ɗaya ko biyu sun mutu. A kan wannan aka gina babban fatan da aka yi bayan an fara haɗa magani uku a 1996. Alan Perelson da David Ho da abokan aikinsu sun lissafa cewa idan aka toshe sabon kamu gaba ɗaya, shekara biyu zuwa uku za su iya isa kamammun da aka sani su ƙare. Su kansu sun yi gargaɗin cewa mai yiwuwa akwai wata maɓoya da ba a gani ba tukuna. A ƙarshen 1997 rukunin masu bincike uku a Amurka suka nuna ta: ɗakin binciken Robert Siliciano a Jami'ar Johns Hopkins, da Tae-Wook Chun tare da Anthony Fauci, da Joseph Wong tare da Douglas Richman. Suka ɗebi jinin mutanen da magani ya danne musu ƙwayar, suka ware sojojin CD4 da ke hutawa, suka tashe su a ɗakin gwaji, sai ga HIV mai rai tana fitowa.

Waɗannan masu hutun su ne ginshiƙin al'amarin. Idan jiki ya gama yaƙi da wata cuta, yawancin sojojin da suka yi yaƙin mutuwa suke, amma ana barin kaɗan su kwanta riƙe da kamannin cutar, shekara da shekaru. Albarkacin irin wannan tuni ne wanda ya yi ƙyanda yana yaro ba ya sake yi, albarkacinsa ne allurar rigakafi ke aiki. Rahama ce babba a halittar ɗan Adam, kuma a cikinta HIV ta samu wurin zama. Idan soja ya kamu a daidai lokacin da yake shirin komawa hutu, sai ya kwanta da ita a cikinsa. Ba ya ƙera komai, don haka babu alamar da za ta sa sauran sojoji su gane shi su kashe, magani ma ba shi da abin da zai tare. Kamar tsabar ciyawa ce a ƙasa a tsakiyar rani: fili fetal, an share an ƙone, ba a ganin ko tsinke, amma ruwan farko na sauka za a san tana nan.

Yawansu bai taka kara ya karya ba. Kimanin ɗaya cikin miliyan na sojojin CD4 masu hutu ne ke fitar da ƙwaya mai rai idan an tashe su, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na kwafin da aka dasa nakasassu ne, ba za su taɓa haihuwa ba. Ɗan abin da ya rage ne ba ya ƙarewa. Ɗakin Siliciano ya bi masu magani shekaru, a 2003 ya ba da lissafi: maɓoyar tana raguwa da rabi ne duk wata 44. Mai irin waɗannan sojoji miliyan ɗaya zai yi kimanin shekara 73 yana sha ba fashi kafin su ƙare. Hajiya ta yi bakwai. Ko da lissafin ya zo mata daidai, ranar da ta ajiye robar abin da ya rage a jikinta ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ta fara da shi.

A 2014 aka ƙara gano dalilin wannan nawa. Sojojin hutu sukan rabu biyu lokaci zuwa lokaci don kada zuriyarsu ta ƙare, kuma duk sanda kamamme ya rabu, yana kwafe DNA ɗinsa duka, har da abin da aka dasa. Ɗaya ya zama biyu, biyu su zama dubbai, ba tare da wata ƙwaya ta fito ta kama wani ba, wato ba a bi ta ƙofar da magani ke gadi ba. An gane haka ne da aka riƙa samun kwafin HIV a daidai gurbi ɗaya na DNA a sojoji masu yawa na mutum guda, abin da ke nuna kakansu ɗaya.

Ga kuma batun wuri. Jini ba ya ɗauke da fiye da kimanin kashi 2 cikin 100 na irin waɗannan sojoji ba. Sauran suna cikin kaluluwa, da saifa, da bangon hanji, wanda babban sansaninsu ne. Ana samun ƙwayar har a ƙwaƙwalwa. A cikin kaluluwar ma akwai lungunan da sojojin da aikinsu kashe kamammu ne ba sa shiga sosai.

Duk wannan bayani, in an cire sunaye da shekaru, bai fi minti biyar da Hausa ba. Na sha yin sa ga dattawan da ba su taɓa shiga aji ba, suka gane sarai. Abin da ke ci mini rai shi ne ana ba mutane umarni ana hana su dalili. Umarni kan riƙe mutum ne har ranar da wani ya zo masa da dalili, ko da na ƙarya ne. Mai maganin nan ya zauna da Hajiya, ya saurare ta, ya yi mata bayani dalla-dalla. A shekara bakwai ba ta samu wanda ya yi mata haka a kan wannan takarda ba. Na san tsawon layi, na san ƙarancin ma'aikata. Amma ranar da sakamako ya fara kyau ita ce ranar da mutum ya fi buƙatar a nuna masa takardarsa, a ce masa magani ya share jini, ga inda bai kai ba, ga kuma abin da ya sa.

Wata bakwai babu magani

Makonnin farko ta ji jikinta sakayau, har ta ce ta fi samun barci. Wannan ne ke yaudarar mutane. Lokaci zuwa lokaci wani sojan hutu kan farka, ko don wata cutar da ya sani ta shigo, ko haka nan kawai, ya fitar da 'yan ƙwayoyi. Idan da magani a jini, a nan suke ƙarewa ba su kama kowa ba. Idan babu, su kama na kusa, na kusa su kama wasu. A yawancin mutane, cikin mako biyu zuwa huɗu da ajiye magani na'ura ta fara ganin ƙwayar. Mutum ba ya jin komai, ko ya ɗan yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ya ɗauka maleriya ce. Hajiya ta tuna ta yi irin wannan zazzaɓi kamar wata guda bayan ta daina, ta sayi magani a kemis, ya wuce.

A wata na uku ta je wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ta yi gwajin aure, na ɗigon jini a yatsa. Layi biyu ya fito. Ta koma wa mai magani tana kuka, ya ce tabon cuta ne kawai, ta ƙara kwana arba'in. A nan ma ya jingina da wani abu na gaskiya: gwajin yatsa martanin da jiki ya yi wa ƙwayar yake nema, kuma wannan martani kan zauna a jini ko magani yana aiki ko ba ya yi. Gwajin da zai raba gardama shi ne na ƙirga ƙwayar, shi kuwa bai sake tura ta ta yi ba. Ta ce wa manemin a ɗaga magana zuwa bayan Sallah, ba ta faɗa masa dalili ba.

A wata na shida ta fara rama, ga tari, ga gumin dare, ga farin abu a harshe. Kunya ta hana ta komawa asibitinta na da. Yayan ne ya kawo ta wurinmu a wata na bakwai. Ƙwayar ta haura kwafi 100,000 a mililita. CD4 ɗinta, wanda takardunta suka nuna ya taɓa haura 600, ya sauka ƙasa da 200, iyakar da ake cewa cuta ta yi nisa. Wanda ya fara magani garkuwarsa tana ƙasa, in ya daina, takan gangara da sauri ta nufi inda ta faro. Gwajin majina ya nuna tarin fuka. Idonta kuma ya yi rawaya irin ta shawara, awon hanta ya hau. Ashe tana da ciwon hanta nau'in B, wanda tenofovir da lamivudine ke danne mata duk shekarun nan ba ta sani ba, kuma mai shi in ya ajiye waɗannan magunguna hanta kan tashi da kumburi mai haɗari. A Najeriya wannan ba ƙaramin batu ba ne. Binciken ƙasa na NAIIS na 2018, wanda ya samu HIV a jikin kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49, ya samu ciwon hanta nau'in B a jikin kimanin kashi 8 cikin 100 na manya.

Likitoci sun sha aiki wajen daidaitawa, domin magungunan tarin fuka su ma suna wahalar da hanta. Aka fara da su ana bibiyar hantar, aka mayar da ita kan TLD, aka ƙara mata dolutegravir na biyu a rana saboda rifampicin, ɗaya daga magungunan tarin fukan, na rage ƙarfinsa a jini.

Abin da ya same ta an riga an gan shi a babban bincike. A farkon shekarun 2000 likitoci da yawa sun yi tunanin a riƙa ba masu magani hutu idan garkuwarsu ta yi kyau, don rage illa da tsada. Binciken SMART ya gwada haka a kan mutum 5,472 a ƙasashe 33. A Janairun 2006 aka dakatar da shi, domin haɗarin kamuwa da cuta mai tsanani ko mutuwa ya ninka sau biyu da rabi a wurin masu hutun. Har ciwon zuciya da na hanta da na ƙoda, waɗanda ake zaton magani ke jawowa, a wurinsu suka fi yawa.

Tambayar yayanta

Da ta fara samun sauƙi, yayan ya same ni a ofis. Mutum ne mai kamala, kuma duk abin da ya yi don ƙaunar ƙanwarsa ya yi.

"Malama, tsakaninki da Allah, babu wanda ya taɓa warkewa?"

"Akwai, Malam. Amma bari ka ji yadda aka yi."

Na ba shi labarin Timothy Ray Brown, Ba'amurken da ke zaune a Barlin ta Jamus, wanda sankarar jini ta kama yana ɗauke da HIV. A 2007 aka rushe garkuwarsa da magunguna masu ƙarfi, aka yi masa dashen ɓargo daga wani mutum da aka haifa ba tare da CCR5 mai aiki ba, ƙofar da yawancin HIV ke bi ta shiga soja. Aka maimaita dashen a 2008. Ya bar magani, ƙwayar ba ta dawo ba har ya rasu a 2020, sankarar ce ta dawo. A 2019 aka sanar da na biyu a Landan, Adam Castillejo, bayansa wasu 'yan ƙalilan. Duk masu sankara ne, domin dashen kansa yana kisa, ba likitan da zai yi wa mai lafiya da ke kan magani. Masu irin wannan halitta kuwa kimanin ɗaya cikin ɗari ne a arewacin Turai, a yankinmu kusan babu su.

Sannan na ba shi labarin waɗanda aka zata sun warke. Wasu maza biyu a Boston aka yi musu dashe daga masu ɓargo na yau da kullum, aka nemi ƙwayar a jininsu da na'urorin da suka fi namu kaifi nesa ba kusa ba, ba a samu ba. A 2013 suka ajiye magani likitoci na kallo. Ɗaya ta dawo masa bayan mako 12, ɗaya bayan mako 32. Ga kuma jaririyar Misisipi da aka haifa a 2010, aka fara ba ta magani tana da awa 30 a duniya. Tana wata 18 aka daina, ta yi wata 27 ba a ganin komai, har duniya ta ɗauka an dace. A 2014 ƙwayar ta bayyana. Ko fara magani a awa 30 bai hana ta kafa maɓoya ba.

Ban yi jayayya da hadisin da ya kawo ba, cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, na yi imani da shi. Na tuna masa cewa a wata ruwayar an ƙara da cewa wanda ya san maganin ya san shi, wanda bai sani ba bai sani ba. Neman ake yi. Wasu na ƙoƙarin tashe sojojin hutu da gangan don a gan su a kashe. A 2012 an nuna maganin sankara vorinostat yana tashe su, amma maɓoyar ba ta ragu yadda aka so ba. Wasu na neman hanyar kulle ƙwayar ta dawwama a barci, wasu na neman yanke ta daga DNA. Allurar cabotegravir da rilpivirine ta duk wata biyu tana sauke wa mutum nauyin sha kullum, amma ita ma ba ta kai wa maɓoyar. Na kuma tuna masa Yahya Jammeh, wanda a 2007 yana shugaban Gambiya ya ce yana warkar da kanjamau da ganye, ya sa mutane suka ajiye magani, aka yi asarar rayuka. Duk mai da'awar waraka ma'auninsa ɗaya ne: a ƙirga ƙwayar bayan an daina maganin asibiti, a maimaita shekara da shekaru. Takardar da aka karɓo ana kan shan TLD shaidar TLD ce.

Ya yi shiru, can ya ce, "To shi mutumin, ya san haka?" Na ce wannan tsakaninsa da Allah ne, amma tsarin nasa an gina shi ne yadda gwajin da zai fallasa shi ba zai taɓa faruwa ba.

Inda aka tsaya

Wata shida da komawarta kan magani ƙwayar ta sake sauka ƙasa da ganin na'ura. Ta ci albarkacin dolutegravir, wanda ke da wuyar bijirewa. Da a kan efavirenz take, haɗarin ya fi haka, domin shi yakan daɗe a jini bayan sauran biyun sun fita, ya bar ƙwayar tana fuskantar magani ɗaya tal, a haka take koyon bijirewa. Ƙwayar da ta bijire kuwa ita ma takan shiga maɓoya ta zauna, ta rage wa mutum zaɓin magani har ƙarshen rayuwarsa. Hajiya ta kammala maganin tarin fuka na wata shida, hanta ta lafa. CD4 na hawa a hankali, har yanzu bai koma inda yake a da ba.

A farkon 2025, da Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje aka shiga fargabar makomar shirin PEPFAR, wanda tun 2003 yake ɗaukar nauyin magani a ƙasashe da yawa, ta zo da robarta ta ƙirga abin da ya rage. Wata a layi ta ba ta shawarar ta riƙa sha yau ta tsallake gobe don ya daɗe. Ta ce mini, "Malama, na ce mata a'a, ranar da aka tsallake ita ce ranar da masu barcin ke samun hanya. Ko ba haka ba ne?" Haka ne. Maganinta bai yanke ba.

Maganar aure ita ce ba ta warware ba. Da ta yanke shawarar faɗa wa manemin, a ofishina aka zauna, yayanta na wurin. Na yi masa bayanin abin da manyan bincike suka tabbatar daga 2011 zuwa yau: wanda ke kan magani, ƙwayarsa ta zauna ƙasa da kwafi 200, ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar kwanciyar aure. Ƙwayar tana nan a maɓoya, amma ba ta isa ta tsallaka ba muddin ana sha. Aka gwada shi, babu. Aka yi masa rigakafin ciwon hanta nau'in B, aka kuma sanar da shi akwai maganin kariya da zai iya sha in yana son ƙarin natsuwa. Ya nemi a ba shi lokaci ya yi istihara. Daga baya ya dawo shi kaɗai da tambayoyi a rubuce, yawancinsu a kan haihuwa da shayarwa, aka haɗa shi da likitan mata. Ya ce yana nan a kan bakansa. Abin da ya rage a tsakaninsu shi ne mahaifiyarsa: shi yana ganin bai kamata a ɓoye mata ba, Hajiya kuma ta ce sirrinta ne, in ya shiga gidan surukai ya shiga Rigasa gaba ɗaya. Har lokacin da nake wannan rubutu ba a sa rana ba.